Ba Don Gizo Ba, Da Na Sayi Ƙarya

Dillalin ya same ni a shagon ƙanina da ke Dilimi ranar wata Laraba bayan la'asar, lokacin da sanyin Disamba ya fara sa mutanen Jos neman inda rana ta faɗo. Mun saba da shi. Shi ya sayar mini da anini da kwabo mai huji, shi ya samo mini tsohuwar fitilar masu haƙar kuza. Ya san ni malamin tarihi ne mai ƙaramin albashi da babban kwaɗayin tsofaffin kaya. Ya kuma san kakana na wajen uwa ya je yaƙin Bama, ba Bama ta Borno ba, waccan ta gaba da Indiya da yanzu ake kira Miyanma. Ni da bakina na gaya masa wannan, kuma wanda ya san inda yake maka ƙaiƙayi ya san inda zai sa farashi.

Ya zaro abu daga baƙar leda ya ajiye a kan benci.

"Malam, yau kakanka na kawo maka."

Gorar ruwa ce ta soja, faffaɗa, bayanta ya ɗan loɓa yadda zai kwanta a ƙugu. Tana sanye da riga irin ta bargo mai ruwan ƙasa, an ɗinke ta ruf, wuyanta kaɗai ya leƙo, shuɗi mai duhu. A baki akwai matoshi da igiya. An saka ta cikin maratayi na zaren auduga mai kauri, mai maɓalli da ƙugiyoyin tagulla. A ƙirjin rigar an ɗinka ɗan ƙyalle rawaya da hoton baƙin gizo-gizo, a ƙarƙashinsa an buga 82 DIV BURMA 1944, wato runduna ta 82, Bama, 1944.

Ya ce daga gidan wani tsohon saje aka fito da ita, can wajen Shendam, jikoki ne suka matsu. Ya ce naira dubu 180, kuma don ni ne, domin akwai Bature a Abuja da zai biya da dala bai ko tanka ba. Na ɗauka na juya ta, na ji gabana yana faɗuwa. Kakana yana da irinta. Ina yaro a Bukuru na sha ganinta a rataye a ƙusa, ta ɓace a wani tashi da muka yi. Da a ce kuɗin suna aljihuna a ranar, da wannan labari bai samu ba. Talauci ne ya yi mini rana. Na ba shi dubu 20 kafin alƙalami, ƙanina ya tsaya mini, ya yarda in riƙe ta kwana uku, da sharaɗin ba zan farke komai ba.

A hanyar gida na fara yi wa kaina faɗa. Abin da ke cikin ledar nan ba abu ɗaya ba ne. Akwai gorar, akwai rigarta, akwai matoshi, akwai maratayi, sannan akwai labarin saje na Shendam. Kowanne yana iya zama da nasa shekarun, kuma dillali ya haɗa su ya yi musu kuɗi ɗaya.

Tambayar farko mai sauƙi ce: sojan Nijeriya a 1944 irin wannan yake ratayawa? Sojojinmu na lokacin suna ƙarƙashin rundunar da Turawa ke kira Royal West African Frontier Force, kayansu kuma na Ingila ne. Ɗamara da jakunkuna da maratayin gora na wancan yaƙi samfurin 1937 ne, gorar da ke tafiya da su kuwa ta ƙarfe ce da aka yi wa ruwan tangaran, irin na langa da kwalla da iyayenmu ke jerawa a ɗaki. Da dillali ya kawo mini ta alminiyam mai murfin murɗawa da kofi, da na ce samfurin 1944 ce, wadda aka tsara don yaƙin daji amma ta fito a makare, ta fi yin aiki a Malaya da Koriya. Da ta baƙar roba ce, da ba sai an yi magana ba, samfurin 1958 ce. Ta Amurka ta fi kowacce sauƙin sha'ani, don a jikin ƙarfen ake buga U.S. da sunan kamfani da shekara. Ta Ingila mai tangaran ba ta da wannan surutu. Ko da tambari a gindinta, riga ta rufe shi. Abin da ba ya magana kuwa, kowa yana iya yi masa baki.

To siffa dai ta dace. Har ma da wani ɗan abu da na ji daɗin gani: kusa da wuya akwai ɗan zoben waya da aka ɗaura igiyar matoshi a ciki. A tsohon samfuri, wanda ake kira Mark VI, a jikin riga ake ɗinke igiyar. Zoben ya zo ne da Mark VII, wanda ya fito a 1939. Wato idan ta gaske ce, ba ta girmi 1939 ba.

Bayan isha'i na ciro mayen ƙarfe daga lasifikar wata matacciyar rediyo na kanga a jikinta. Ya manne ta cikin rigar, caf. Ƙarfe ne. Na haska tocila ta baki na leƙa. Ciki shuɗi ne mai duhu, tangaran ɗin ya ɓantale a wurare, inda ya ɓantale kuma tsatsa ta yi baƙi-baƙi ta zauna daram, kamar ta tsohuwar fanteka. Na naɗa auduga a tsinken tsintsiya na goga, da ƙyar ta ɗauko launi. Tsatsar da aka tayar jiya da ruwan gishiri ko ruwan batir ja ce jawur, gari-gari, tana bin yatsa, kuma tana rufe ko'ina bai ɗaya. Wannan ba haka take ba. Warin cikin ma na rufaffen ɗaki ne, ba na fenti ba.

Sai awo. Gorar sojan Ingila tana cin fayint biyu nasu, wato lita ɗaya da ɗan ɗori, kusan 1.14. Ba ni da ma'auni, amma ina da robar ruwan Swan mai santilita 75, ɗaya da rabi ke nan. Na ɗora gorar a kan farin faranti na fara ɗurawa. Ta shanye roba ɗaya, ta shanye rabin ta biyu, ruwa ya tsaya a gindin wuya. Na ce alhamdu lillahi.

A nan ne hannuna ya goce, ruwa ya kwarara ta kafaɗar gorar ya jiƙa rigar. Abin da ya taru a faranti ja-ja ne, garai-garai, ba laka-laka ba. Maiɗakina tana wucewa da kwanuka ta tsaya, ta ɗaga farantin ta sansana.

"Malam, wa ya zubar maka da shayi?"

Na ce dattin shekara tamanin ne. Ta ce ita dai ta san datti, ta kuma san ganyen shayi, ta wuce abinta. Na zauna na yi shiru. Ban so maganarta ba, shi ya sa na san akwai abin dubawa a ciki. Amma ban yanke hukunci a daren ba, domin tsohon bargo ma yana iya zubar da jan ruwa, musamman wanda ya sha ƙurar jar ƙasa. Abin da na ƙara lura da shi kafin in kwanta shi ne wani ɗan danshi a kusurwar gindi, nesa da inda na zubar. Tana yoyo kaɗan.

Washegari bayan na tashi daga makaranta na nufi kasuwar Katako, wajen wani tsohon tela da ke gyaran kwat da rigunan sanyi na gwanjo. Mutum ne da ya shekara arba'in yana taɓa ulu, yatsunsa sun fi idona gani. Ya murza rigar tsakanin yatsa biyu ya ce ulu ne, babu shakka, kuma tsoho. Raina ya ɗan dawo. Sai ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake, ya bi ɗinkin da farce.

Irin wannan riga, gefe da gindi da keke ake ɗinka su, sai a zura gorar, a rufe kafaɗa da ɗinkin hannu. Haka wannan take, wanda ya yi ta ya san abin da yake yi. Amma tela ya sami wani ɗan bakin zare da ya yi saura a kusa da wuya, ya ce, "Ɗana, in ɗan tsinka?" Na tuna sharaɗin dillali, na ce iyakar abin da ya leƙo kaɗai. Ya yanke da almakashi, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Ya kuma tsinci ɗan gashin bargon daga gindi. Ya ƙyasta ashana.

Gashin bargon ya yi ƙauri irin na babbakar kan rago, ya dunƙule ya zama baƙin abu da ya murmushe da aka taɓa shi. Ulu ke nan. Zaren kuwa bai kama wuta yadda auduga ke kamawa ba. Ya janye jiki daga harshen wutar, ya narke, ya zama ɗan ƙwallo baƙi mai tauri da ya ƙi fashewa a ƙarƙashin farce. Zaren auduga ko na lilin da ya ƙone kamar takarda ya bar toka mai laushi.

"Wannan zaren roba ne," in ji shi. "Irinsa ne a kan keken nan nawa."

Zaren roba irin na teloli bai shiga kasuwa ba sai bayan yaƙin. A 1941 aka ƙirƙiro foliyesta a Ingila, bai zama kayan sayarwa ba sai shekarun 1950, nailan kuwa a lokacin yaƙi laimar saukar sojoji da igiyoyi ake yi da shi. Don in ƙara tabbatarwa na tsaya wajen wani yaro mai POS na ari ƴar tocilar da yake duba jabun kuɗi da ita, muka shiga lungun shago mai duhu. Bargon bai ce komai ba. Igiyar matoshi da ƙyallen gizon nan kuwa suka ɗauki haske fari mai shuɗi-shuɗi, kamar rigar ɗan makaranta. Sinadarin da ke sa yadi wannan ƙyalli sai bayan yaƙi ya yaɗu. Sai dai wannan gwaji yana da ramin da mutum zai faɗa: garin sabulun wanki na yanzu yana ɗauke da sinadarin, don haka tsohon kaya na gaske da wata baiwar Allah ta wanke da Omo shi ma zai yi ƙyalli. Da a ce komai ya haska gaba ɗaya, da na ce wanki ne. A nan wasu sassa ne suka haska wasu suka yi shiru, kuma waɗanda suka haska su ne waɗanda ashana ta riga ta fara zargi.

Sauya riga kaɗai ba laifi ba ne. Rigar gora tana yagewa, asu yana cinta, a bariki ma ana sake ta. Abin da ya dame ni shi ne shayin. Wanda ya sake riga don amfani ba ya jiƙa ta da shayi ta tsufa.

Na zauna a benci a nan Katako na ɓalle maɓallin maratayin, na ɗan zame gorar sama, abin da ya kamata in yi tun daren farko. Idan gora ta shekara da shekaru a cikin maratayi, inda igiyoyin suka kwanta yakan danne ya yi santsi, launinsa ya fi na sauran duhu don rana ba ta taɓa shi ba, kamar inda aka ɗauke hoto daga bango. Inda tagulla ta jingina kuma takan bar koren tabo. A jikin wannan riga babu ko ɗaya. Launi ɗaya ne daga sama har ƙasa. Shi kuwa maratayin, gefunansa sun cinye, ƙugiyoyinsa sun yi koren tsatsa a lunguna, ramin maɓalli ya buɗe don yawan ɓallewa. Tsoho ne na gaske. Amma shi da rigar nan ba su yi zaman aure ba, jiya aka ɗaura.

Da yamma na hau keke napep zuwa wajen Rukuba, gidan wani dattijo abokin mahaifina da muke kira Baba Saje. Bai je Bama ba, waɗanda suka je kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Shi a 1967 ya shiga soja, farkon yaƙin basasa. Na same shi a ƙofar gida cikin hular sanyi, da rediyo a cinya. Na gaishe shi, na miƙa masa ba tare da na ce komai ba.

Bai kalle ta ba ma, hannunsa ya sami maɓallin ya ɓalle. Ya yi dariya. Ya ce lokacin da suka shiga akwai ragowar irin waɗannan a sito, su ake ba sababbin shiga kafin na roba su wadata. Ya ce amfanin bargon biyu ne: yana hana tangaran ɓantalewa da ƙara idan mutum yana tafiya da dare, sannan idan ka jiƙa shi ka rataye a inuwa, iska na bugawa ruwan ciki yana sanyi, kamar randa. Ya zare matoshin ya duba. Hular ƙarfen da ke kansa da ƙusar da ta ratsa ta tsakiya, mai zobe a sama da ɗan noti a ƙasa, duk ya ce nasu ne. Amma ɓawon da ke toshe bakin, irin na fulas ɗin shayi na da, sabo ne fes. Tsoho yakan bushe ya tsattsage ya yi baƙi, ya kuma ɗauki siffar bakin gorar. Wannan da ya matsa shi sai ya dawo.

Sai ya kai ga ƙyallen gizo, ya ɗaga kai ya dube ni.

"Wa ya ce maka soja yana yi wa gora ado? Alamar runduna a kafaɗar riga take, ko a jikin mota. Kayan gwamnati kuma ba a waje ake duba su ba, ɗana. Juya ciki."

Ya zare gorar gaba ɗaya, ya juya maratayin ciki ya koma waje. A bayan igiyar da ke bi ta gindi, inda datti ya yi kauri, akwai wani abu kamar inuwa. Ya tofa yawu a babban yatsa ya goga. Na haska da waya. Da farko alamar kibiya ta fito, layi uku da suka haɗu a sama kamar sawun kaza, wadda gwamnatin Ingila ke bugawa a kan duk kayanta. Kusa da ita haruffa, M.E.Co., wato Mills Equipment Company, kamfanin da ya fi kowa saƙa wa sojan Ingila irin waɗannan ɗamaru. Sai lambobi huɗu. Biyun farko ba gardama. Na uku na so ya zama 4, na karkata waya ta nan, na karkata ta can, ya ƙi. 1952.

Baba Saje ya yi dariya har da tari. "An gama yaƙin Hitila da shekara bakwai! Sajen naka da ya dawo ne ya koma ya karɓo?"

Shekarar da aka buɗe gidan tarihi na Jos ke nan, na faɗa a raina, don malamin tarihi ko ana yi masa dariya sai ya haɗa shekara da shekara. Tawadar wannan tambari ta shige cikin zaren, ta koɗe tare da shi, datti ya hau kanta. Haka tambarin gaske yake: yana ƙarƙashin shekaru, ba a kansu ba. Baba ya ƙara da cewa in da mai ita ya so a san tasa ce, lambarsa zai rubuta a ciki, ba sunan ƙasar da ya je ba. Sojojin Nijeriya na wancan yaƙi lambarsu da NA take farawa, haka take a rubuce a jikin duwatsun maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, inda sunayen waɗanda ba su dawo ba suke. Mun bi maratayin kaf, babu lamba.

Abin kunyar sai a dare na uku ya zo. Ina shirya darasin aji biyar a kan Yaƙin Duniya na Biyu, gorar tana kan tebur tana kallona, na buɗe tsohon littafin da nake rubuta bayanan darasi. Da rubutun hannuna: runduna ta 81, an kafa ta a Nijeriya a Maris 1943, alamarta baƙin gizo-gizo a kan rawaya, Anansi na tatsuniyoyin Ashanti, ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi. Runduna ta 82, an kafa ta a 1943 ita ma, alamarta māsu biyu a gicciye a kan gammo.

Na dubi gorar. Gizo, a ƙarƙashinsa 82.

Shekara nawa ina koya wa yara wannan. Ina gaya musu yadda ta 81 ta shiga kwarin Kaladan a farkon 1944, inda babu hanyar mota, abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu. Ina gaya musu dalilin gammon nan na ta 82: rundunonin Afirka ta Yamma da ƴan dako suke tafiya, dubban mutane da ke ɗaukar kaya a ka cikin daji da tsaunuka inda mota ba ta shiga, kuma Hausa ce harshen da sojojin Nijeriya da yawa ke magana da shi a tsakaninsu. Ina gaya musu yadda rundunonin biyu suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945, da yadda sunayen wuraren nan suka biyo su gida suka zama sunayen barikoki: Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, sai Chindit a Zariya, shi kuwa sunan runduna ne, ba na wuri ba. Duk wannan yana kaina. Amma na kwana biyu ina ƙona zare, ina haska tocila, ina ɗura ruwa, alhali ƙaryar tana zaune a ƙirjin gorar da manyan haruffa. Wanda ya haɗa ta ya ga hoton gizo a wani wuri, ya ji ana cewa 82, ya gwama. Ni kuma na ga kakana, ido ya rufe.

Saura abu ɗaya. Na jiƙa auduga da sifirit na ɗan taɓa ƙafar harafi na ƙarshe. Audugar ta dawo da launin shunayya, irin na tawadar hatimin ofis. Da na kawo fitila kusa sai na ga gefunan haruffan sun yi kauri tsakiyarsu ta yi fayau, yadda hatimin roba ke yi idan an danna shi a kan abu mai laushi. Irin wanda ake sassaƙa wa mutum a bakin titi kafin ya gama shan rake.

Ranar Asabar na koma Dilimi. Dillali ya zo da fara'arsa. Na bari muka gama gaisawa, aka kawo shayi, sannan na jera masa: gorar ta gaske ce, ta sojan Ingila, ba ta girmi 1939 ba. Maratayi na gaske ne, na 1952. Hular matoshi tsohuwa, ɓawon sabo, igiya sabuwa. Rigar tsohon bargo ne da aka yanka aka ɗinka da zaren yau aka jiƙa da shayi. Gizo da rubutunsa kuwa ba su kai shekarun ɗan autana ba.

Bai musa ko ɗaya ba, bai kuma ji kunya ba. Ya kurɓi shayi ya ce, "Wallahi Malam, ni ma haka aka kawo mini."

Wataƙila haka ne. Kayan nan suna bin hannu biyar kafin su iso Jos, kuma kowane hannu yana ƙara musu ɗan gishiri. Na ce to sajen Shendam fa? Ya ce shi dai wanda ya ba shi ne ya faɗa. Na ce Baturen Abuja fa? Ya yi murmushi ya ce Bature yana nan, Allah bai kawo shi ba tukuna.

Muka shiga ciniki. Ya sauko dubu ɗari, na ce ban zo da wasa ba. Ya ce ai na ce da bakina ta gaske ce. Na ce ta gaske ce kamar yadda tsohuwar langa take ta gaske, an yi irinta ba iyaka, an ci gaba da amfani da su shekaru bayan yaƙi, kuma babu abin da ya nuna wannan ta taɓa ƙetare teku zuwa Bama. Ƙanina ya sa baki, maƙwabcin shago ya sa baki, aka tsaya a dubu 25. Na cika masa biyar a kan abin da na bayar. Har ya miƙe sai ya dawo.

"To Malam, tunda ka ce gizon ƙarya ne, ɓanɓare mini shi in mayar wa mai shi."

Na ce a'a, da shi na saya. Ya ce ai ban biya kuɗinsa ba. Gaskiyarsa ce, dubu 155 da suka zube duk na gizon ne. Na ƙara masa dubu biyu, don na san inda ƙyallen zai koma idan na sake shi: ƙirjin wata gorar, a gaban wani mai kaka.

Da ta zama tawa, sai na yi abin da sharaɗi ya hana. Na sa reza na bi ɗinkin kafaɗa, na zare rigar kamar ana feɗe akuya. A ciki bargon launinsa toka-toka ne, shayin bai ratsa ba, har da ragowar jan layi irin na bakin bargo. Gorar ta fito tsirara, shuɗiya, kafaɗunta da kusurwoyinta duk sun ɓantale sun yi baƙi, gefe ɗaya ya loɓa kamar an taɓa taka ta. A kusurwar gindi, inda take yoyo, akwai lici na dalma mai faɗin kwabo, an yi shi da hannu, an sake yin wani a kansa. Ba aikin bariki ba ne, aikin masu gyaran bokiti da fitila ne na kasuwar ƙauye. Wani ya riƙe gorar nan shekaru masu yawa bayan ta bar hannun gwamnati, ta huje ya kai aka like, ta sake hujewa ya sake kaiwa. Wanda ya ɗinka mata riga wannan licin ya so ya ɓoye.

Ranar Juma'a na kai wa mahaifiyata a Anguwar Rogo, da rigar da ƙyallen a leda daban. Na fara nuna mata ƙyallen, ta juya shi ta ce ba ta san wannan ba. Na fito da gorar. Ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana shafa wajen licin da babban yatsa.

"Ta Baba ma haka take," ta ce. "Ba ta da wata riga. Da tsumma yake naɗe ta ya jiƙa, ya tafi gona. Kunun tsamiya nake zuba masa a ciki, in ya dawo in sha faɗa wai ban wanke ta da kyau ba."

Na ce ko ta tuna lambar rundunarsu, ta 81 ko ta 82. Ta ce ita ina ta san wannan, shi dai ya ce sun yi wata da watanni ba su ga rana sosai ba don itatuwa, kuma ƙafarsa ba ta sake son takalmi ba. Ta miƙo mini gorar, sai kuma ta fasa, ta ce in bar mata ita zuwa wani makon.